Mai Bargo a Wutsiya

Ƙarfe shida, Edinburgh ba ta farka ba,
yayyafi na sauka kamar mai jin nauyin zuba.
Na kunna fitilar madafa a gidan namun daji
na dama mata kununta:
garin ƙwari, ruwan ɗumi,
a tuƙa har ya yi kauri kamar na mai jego.

Morag ta ce sunanta Jurema.
Ni dai ranar farko cewa na yi, "Dabgi!"
Ta girgiza kai, wai ba dangi ba ne,
sana'a ce kawai ta zo ɗaya,
kamar wanzamai biyu da teku ya raba.

Ga ta nan tafe,
kai dogo kamar taɓarya,
tana taka bayan yatsunta,
farce a dunƙule kamar mai ɓoye kuɗin cefane,
don kada ƙasa ta dakushe mata kayan aiki.
Idon nan na ado ne.
Hanci ke karanta mata duniya.
Ta shinshina takalmina sau ɗaya,
ta san jiya na bi ta shagon kifi.

Ba ta da haƙori ko guda.
Kakata Ladingo ma haka ta ƙare,
amma ita sai da ta ci nama shekara saba'in.
Wannan da harshe aka sallamo ta,
ya fi kamu tsawo, siriri, mai danƙo,
ya shiga ya fita kafin ka ce kwabo.

Can ƙasarsu Brazil, in ji Morag,
irinta ba sa rushe suri.
Su ɓula 'yar ƙofa, su lasa na minti guda,
kafin mayaƙan gida su yi gangami sun yi gaba.
Gida bayan gida har rana ta faɗi,
kowa an taɓa shi, ba wanda aka tashe shi.
Sai na tuna Kawu Tanimu da gatarinsa,
da marken bayan gonarmu
da ya bi har saiwa saboda gawayin mako biyu.
Ban gaya wa Morag ba.

Na ce, to me ke cin mai cin tururuwa?
Ta ce damisar can ma tana shakkar rungumarta.
Wuta ce.
In aka cinna wa ciyawa don a faɗaɗa gona,
wutsiyar nan tsintsiya ce, ita ke fara kamawa.
Sai kwalta.
Tirela cikin dare, shaƙe da waken suya,
ita kuwa ba gani, ba sauri,
ɗa guda goye a bayanta,
zanen jikinsa ya hau kan na uwar daidai
har maharbin sama ya zaci abu ɗaya ne.
Direban ma ɗaya ya ƙirga.

Jurema ba ta taɓa ganin suri na gaske ba.
A nan aka haife ta, ƙarƙashin na'urar ɗumama ɗaki.
Muna zuba mata tsutsa cikin bututun roba
don kada harshen ya manta abin da aka yi shi dominsa.
Yanzu tana da ciki, wata na huɗu cikin shida.
Morag na auna ta duk Talata
tana rubutawa a littafi kamar mai bin bashi.

Ta gama. Ta juya sau biyu a kan harawa,
ta cusa taɓaryar tsakanin ƙafafu,
ta jawo wutsiya ta lulluɓe har kai.
Jikinta ba ya riƙe zafi,
shi ya sa take yawo da bargonta.

Ni nawa na baro shi a motar haya shekaranjiya.
Na tsaya kaɗan gaban na'urar, na gasa hannuwana,
sannan na ɗauki kwanon na tafi wankewa.